Tambayi Likita: Tiyatar Ɗaga Nonon Da Ya Zube

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato nonon da ya zube bayan haihuwa ko rama ko shekaru, da abin da tiyata za ta iya yi masa. Da yawa daga masu rubutowa sun roƙi a sakaya sunayensu, mun kuma sakaya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 34, haihuwata huɗu. Tun da na yaye na ƙarshe nonona ya kwanta, ya zama fata zalla. Wata takwas ke nan ina shafa man hulba, ina shan kunun alkama da waken suya, na sayi kirim mai tsada, ban ga canji ba. Ƙawayena sun ce shayarwa ce ta jawo min. Akwai abin da zai tayar da shi ba tare da an yanka ni ba? Daga uwar huɗu, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, bari mu fara da wanke shayarwa daga wannan zargi. Nono ba tsoka ba ne. Cikinsa kitse ne da ƙullutun da ke haɗa ruwan nono da hanyoyin da ruwan ke bi zuwa kai. Abu biyu ke riƙe da shi: fatar da ta lulluɓe shi, da wasu siraran zaruruwa da suka ratsa cikinsa suka kama fata da ƙirji, waɗanda ake kira zaruruwan Cooper, da sunan likitan Ingila da ya bayyana su a 1840. Idan ciki ya shiga, nono kan cika ya yi nauyi, fata da zaruruwan su miƙe. Bayan an yaye sai cikinsa ya motse, fatar kuwa ba ta komawa yadda take. Kamar buhu ne da aka danƙara wa hatsi har ya buɗe, daga baya aka kwashe rabi.

Wannan miƙewar tun lokacin goyon ciki take faruwa, ko an shayar ko ba a shayar ba. Binciken da Dakta Brian Rinker ya jagoranta a Jami'ar Kentucky ta Amurka, wanda aka buga a 2008, bai sami shayarwa cikin abubuwan da ke zubar da nono ba. Abin da ya samu shi ne yawan ciki, shekaru, ƙiba, girman nono tun kafin haihuwa, da shan taba. Don haka kada wata ta hana jaririnta nono saboda wannan tsoro.

Mai da kirim suna tausasa fata, iyakarsu ke nan. Babu abin shafawa ko na sha da zai rage fatar da ta yi yawa. Kunun alkama abinci ne mai kyau, idan kin yi ƙiba nono zai ɗan cika, amma kansa ba zai hau sama ba. Motsa jiki yana gina tsokar da ke bayan nono, ba nonon ba. Wanda muke jan kunne a kai shi ne ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe. Sinadarin siteroyid da ke cikinsu yana sirantar da fata, ya kawo nankarwa da hawan jini da ciwon suga, nono ya ƙara nauyi a cikin fatar da ta ƙara rauni. Rigar nono mai kyau, wadda aka auna daidai jikinki, ita kaɗai ce ke ɗaga nono ba wuƙa, ita ma sai tana jiki.

Kafin ki yi tunanin tiyata, ki gwada wannan a ɗaki. Ki tsaya gaban madubi ba riga, hannuwa a sake, ki sa biro a kwance cikin ninkin da ke ƙarƙashin nono, daidai inda ya haɗu da ƙirji. Sai ki duba inda kan nonon yake. Idan yana daidai da layin biron, mataki na ɗaya ke nan. Idan ya sauka ƙasa da layin da santimita 1 zuwa 3 amma yana kallon gaba, mataki na biyu. Idan ya wuce santimita 3 yana kallon ƙasa, na uku. Akwai kuma wanda kan yana saman layin, amma naman ya sulale ƙasa, saman ƙirji ya zama fayau. Wannan rabe-raben na Dakta Paule Regnault ce ta ƙasar Kanada, tun 1976, har yau kuma da shi likitoci ke aiki, domin shi ke nuna irin yankan da ya dace da kowace mace.

Tambaya: Likita, me ake yi takamaimai a ɗakin tiyata? An ce min ana yanke kan nonon a ajiye gefe sannan a sake liƙa shi. Kuma na ji akwai wadda ba ta barin tabo, ita nake so. Daga wata malamar makaranta, Zariya.

Amsa: Malama, tiyatar ɗaga nono marar tabo babu ita. Ciniki ne: ki ba da fata, ki karɓi tabo. Duk wanda ya ce miki zai ɗaga nonon da ya zube sosai ba tabo, ki riƙe kuɗinki.

Aikin yana farawa tun kina farke. Likita zai tsayar da ke ya zana jikinki da maka, domin da zarar kin kwanta nono ya baje, awo ya ɓaci. Zai ja layi a tsakiyar ƙirji, ya ja wani daga ƙashin wuya ya ratsa tsakiyar kowane nono, sannan ya sa alamar inda kan nono zai koma, wato kusan daidai da ninkin ƙarƙashi. A mace matsakaiciya wurin kan faɗa wajen santimita 19 zuwa 21 daga ramin gindin wuya, a doguwa ko mai jiki kuma ya fi haka. Ƙwararren likita ya gwammace ya ɗan sauke alamar da ya ɗaga ta fiye da kima, saboda kan nonon da ya yi sama da yawa yana leƙowa ta saman riga, kuma sauke shi daga baya na daga cikin gyare-gyare mafi wuya, tun da duk inda ya baro sai ya bar tabo a fili.

Daga nan likitan sa barci ya karɓe ki. Aikin kan ɗauki awa biyu zuwa uku. Ana sa wani zobe mai faɗin milimita 38 zuwa 45 a zagaye baƙin da ke kewaye da kan nono, a yanke abin da ya wuce haka, domin shi ma yana buɗewa idan nono ya zube. A mafi yawan lokuta ba a cire kan nono daga jiki. Ana barin sa maƙale da wani harshen nama da ke ɗauke da jijiyoyin jini da na ji da hanyoyin ruwan nono, a feƙe saman fatar da ke kan harshen kamar ana ɓare dankali, sannan a tura shi sama zuwa sabon mazauninsa. Rayuwar kan nono tana kan wannan harshen. Idan aka sirantar da shi da yawa, ko aka murɗe shi, ko aka matse shi da ɗinki, jini ba zai isa ba. Bayan haka a tattaro naman da ya baje a ɗinke shi ta ciki ya yi tudu, a yanke rarar fata, a rufe da zaren da ke narkewa da kansa. Kafin rufewa ana ɗaga gadon a zaunar da ke kina barci, a duba ko biyun sun yi daidai.

Yankan iri huɗu ne. Mafi ƙanƙanta shi ne na jinjirin wata, a cire ɗan yanki a saman baƙin kawai. Ɗagawarsa ba ta wuce santimita ɗaya ko makamancin haka ba, idan an zarce sai baƙin ya miƙe ya zama kamar ƙwai. Mata kaɗan ne ya dace da su.

Na biyu shi ne na zagaye, wanda Dakta Benelli na Faransa ya yi suna da shi. Ana cire fata kamar zobe a kewayen baƙin, a zuge bakin waje da zare mai ƙarfi yadda ake zuge zariyar wando, har ya haɗu da na ciki. Tabon yana ɓuya a iyakar baƙi da fata, shi ya sa mata ke son sa. Amma ƙarfinsa mataki na ɗaya ne, wajen santimita 2. Idan aka tilasta shi a kan nonon da ya zube sosai, gaban nonon yakan baje kamar an danna shi da faifai, fatar gefe ta yi tattara, bayan watanni kuma baƙin ya sake buɗewa, wani lokaci ya fi na da faɗi, saboda duk nauyin a kan wannan zoben yake rataye.

Na uku, zagaye ne da layi ɗaya da ya sauka daga baƙin zuwa ninkin ƙarƙashi, tabon ya yi siffar ludayi. Likitoci Lassus da Lejour da Hall-Findlay ne suka inganta shi, kuma shi ne ya fi dacewa da yawancin masu mataki na biyu. Yana ba da tudu mai kyau domin naman ciki ake ɗinkewa, ba fata kaɗai ake ja ba. Sai dai ki sani, a makonnin farko nonon kan yi sama da yawa, ƙasansa ya yi tattara, har mace ta tsorata. Da gangan ake yin haka, yana sauka ya zauna cikin wata biyu zuwa uku.

Na huɗu shi ne ludayin nan da ƙarin dogon layi a kwance cikin ninkin, kamar harafin T da aka kifa. Zanen Dakta Robert Wise ne na 1956. Shi ake yi wa mataki na uku da matan da suka rame sosai fata ta yi musu yawa. Tabonsa ya fi tsawo, amma shi kaɗai ke iya kwashe fata ta tsaye da ta kwance a lokaci guda. Inda ya fi rauni shi ne mahaɗar layukan biyu a ƙasa, domin kusurwoyi uku na fata ke haɗuwa a wurin, nan jini ya fi ƙaranci, nan kuma ja ya fi yawa. Wurin yakan ɗan buɗe kamar girman ƙwandala a mako na biyu ko na uku. Akasari da wanki da sauya bandeji yake cikewa da kansa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mace mai mataki na uku ta nace sai ƙaramin yanka, likita kuma ya biye mata. A ƙarshe ga tabo, ga nono bai tashi ba, ga tiyata ta biyu.

Tambaya: Wani asibiti sun ce min ba sai an yanke fata ba, babbar jakar silikon kawai za a sa min nonon ya tashi. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu, Abuja.

Amsa: Hajiya, jakar silikon cikawa take yi, ba ta ɗagawa. Tana da amfani ga wadda kan nononta bai sauka ƙasa da ninkin ba, saman ƙirji ne kawai ya zama fayau. Idan aka sa ta a nonon da ya kai mataki na biyu ko na uku ba tare da ɗagawa ba, jakar za ta zauna a sama, naman asali ya rataya a gabanta yana kallon ƙasa, a ga tudu biyu. Babbar jaka kuwa ƙarin nauyi ce a kan fatar da dama ta gaza, bayan 'yan shekaru zubewar ta fi ta farko.

Wadda ke buƙatar ɗagawa da cikawa duka, ana iya haɗa mata su rana ɗaya, amma aiki ne mai wuyar sha'ani, domin ɗaya yana matse fata, ɗayan yana buɗa ta. Shi ya sa komawa gyara ya fi yawa a wannan haɗin, kuma likitoci da dama kan raba shi biyu idan zubewar ta yi yawa: a ɗaga tukuna, bayan wata uku zuwa shida a sa jaka matsakaiciya idan har yanzu ana so. Mata da yawa idan suka ga nonon ya tattaru wuri ɗaya sukan ce ya ishe su.

Jaka ba ta har abada ba ce. Jiki yana saƙa mata wata yana a kewaye, a wasu matan yanar kan yi kauri ta matse jakar, nono ya yi tauri, ya karkace, ya yi ciwo. Tana iya fashewa ba ki sani ba, shi ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da shawarar a yi hoton sikanin ko na MRI shekara 5 zuwa 6 bayan sawa, sannan duk bayan shekara 2 zuwa 3. Akwai kuma wani nau'in sankara da ba a cika samu ba, mai fitowa a jikin yanar, wanda aka fi gani da jakunkuna masu kaushin baya. Saboda shi aka janye samfurin Biocell na kamfanin Allergan daga kasuwa a 2019. Alamarsa nono ɗaya ya kumbura da ruwa shekaru bayan tiyata. Duk wadda aka sa wa jaka ta karɓi katin da ke ɗauke da sunan kamfani da girma da lambar jakar, ta adana shi tare da takardunta masu muhimmanci.

Ana kuma iya zuƙo kitse daga ciki ko cinya, a tace, a ɗura a saman nono. Ƙarin da yake yi kaɗan ne, wani kaso nasa jiki na shanyewa, kuma shi ma ba ya ɗagawa. Allurar ruwan silikon ko mai da ake yi wa mata a ɗakuna da shagunan kwalliya kuwa, kada ki kusance ta. Ruwan yana bin nama ya yi ƙulle-ƙulle masu ruɓewa, ya rufe hoton gwajin sankara, wani lokaci ba a iya kwashe shi sai an cire nonon gaba ɗaya.

Tambaya: Inda aka huda min kunne ya yi ƙari, an yanke ya dawo. Kuma ba zan ɓoye ba, shekara biyar ina shafa man ƙara haske. Zan iya yin wannan tiyatar? Daga wata baiwar Allah, Maraɗi.

Amsa: Madalla da kika faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Abubuwan nan biyu da kika ambata sun fi komai muhimmanci a gare ki.

Tabo mai tudu iri biyu ne. Akwai wanda ke tashi ya yi ja ya yi kauri amma bai wuce iyakar yankan ba, yakan kwanta cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Akwai kuma keloyid, irin na kunnenki, wanda ke tsallake iyakar rauni ya ci gaba da girma, da ƙaiƙayi da zafi. Ya fi yawa a baƙar fata, yana bin dangi, kuma tsakiyar ƙirji da kafaɗa da kunne ne wuraren da ya fi so. Likita zai duba duk wani tsohon tabo a jikinki, na tiyatar haihuwa, na allurar rigakafi a kafaɗa, na ƙuna. Idan kunne kaɗai ne ya yi, sauran sun warke lafiya, ana iya yi da shiri: a zaɓi yanka mafi gajarta da zai wadatar, a nisantar da ƙarshen layin ƙasa daga tsakiyar ƙirji, a rufe ba tare da ja ba. Da zarar rauni ya rufe, wajen mako na uku, sai a fara liƙa filastar silikon aƙalla awa 12 a rana na tsawon wata uku zuwa shida. Idan tabon ya fara tashi, a yi masa allurar tirayamsinolon, wani nau'in siteroyid, a cikinsa duk mako huɗu zuwa shida. Amma idan kina da keloyid a wurare da yawa, musamman a ƙirji, shawararmu ki haƙura. Zoben keloyid a kewayen kan nono ya fi zubewa muni, kuma ya fi ta wuyar magani.

Man bilicin kuwa, da yawansu na ɗauke da siteroyid mai ƙarfi irin kulobetasol. Yana mayar da fata siririya kamar ledar burodi, zare ya yaga ta, rauni ya ƙi haɗuwa, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa. Wanda aka daɗe ana shafawa a duk jiki yana shiga jini ya kwantar da ƙullutun da ke saman ƙoda, masu fitar da sinadarin da jiki ke jure wahala da shi, har jini ya iya faɗuwa ana tsakiyar tiyata. Don haka ki kai wa likita robobin man ya karanta da idonsa, likitan sa barci ma ya sani. Kada ki daina rana ɗaya da kanki bayan shekara biyar, a hankali ake janye shi, sannan a ba fata watanni ta farfaɗo.

Taba ma haka, ko sigari ce, ko shisha, ko tabar gari. Nikotin na tsuke ƙananan jijiyoyin da kan nono ya dogara da su. A daina aƙalla mako huɗu zuwa shida kafin tiyata, da wasu huɗu zuwa shida bayanta. Likitan da ya ƙi taɓa mai shan taba, gata ya yi mata.

Tambaya: Wata biyu da yin yaye, kuma muna son ƙarin haihuwa. In yi yanzu ko in jira? Zan iya shayarwa bayan an yi? Daga uwar biyu, Kaduna.

Amsa: Ki jira, 'yar'uwa, sauri ya haifi nawa. Nono na ci gaba da motsewa watanni bayan yaye, abin da aka auna yau ba shi za a gani bayan wata huɗu ba. Idan kuma akwai sauran ruwa a ciki, yana iya taruwa a raunin ya zama ƙurji. A bari aƙalla wata shida bayan yaye, nauyin jiki kuma ya tsaya wuri ɗaya na tsawon haka. Tiyatar ba ta hana ɗaukar ciki, amma sabon ciki zai sake miƙar da fatar, ya warware yawancin aikin. Wadda ke da niyyar haihuwa nan kusa, ta gama tukuna.

Yawancin waɗanda aka ɗaga musu kawai suna iya shayarwa, tun da kan nono na haɗe da hanyoyinsa. Ruwan na iya raguwa a wasu, don haka a riƙa auna nauyin jariri a makonnin farko. Ki faɗa wa likita tun farko cewa kina son shayarwa, domin ya bar nama mai kauri a bayan kan nonon.

Tambaya: Nawa manya ne ƙwarai, sun sauko har cibiya. Wuya da baya na ciwo, igiyar riga ta yi min rami a kafaɗa, da zafi kuma ƙarƙashinsu ya yi ta sulluɓewa yana wari. Daga wata uwa, Sakkwato.

Amsa: Hajiya, taki lalura ce, kuma ragewa ce ta dace da ke. Yankan iri ɗaya ne da na uku ko na huɗu da muka bayyana, sai dai ana cire nama da kitse, daga giram ɗari uku har sama da kilo ɗaya a kowane gefe. Ɗagawa ba ragewa a nono mai nauyi ba ta daɗewa. A nonon da ya yi tsawo irin wanda kika kwatanta ne wani lokaci ake cire kan gaba ɗaya a dasa shi kamar dashen fata, saboda harshen naman ya yi tsawon da jini ba zai kai ƙarshensa ba. Idan aka yi haka babu shayarwa, ji yana raguwa sosai, launin baƙin ma na iya yin dabbare-dabbare. A warkar da sulluɓewar kafin ranar tiyata, a duba yawan jininki, kuma ki tabbatar an aika naman da aka cire ɗakin gwaji an ba ki sakamako.

Tambaya: Matata za a yi wa, muna tunanin Alƙahira ko Istambul saboda an ce ya fi araha. Wane shiri za mu yi, kuma yaya jinya take? Daga wani magidanci, Kano.

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri da ka tsaya mata. Kafin tiyata za a duba yawan jini, suga, hawan jini, ƙoda, rukunin jini da sikila, a yi gwajin ciki. Idan ta kai 40, ko akwai sankarar nono a danginta, a yi hoton mamogiram, wato hoton gwajin sankarar nono. A daina asfirin da ibufurofen da magungunan gargajiya da kayan mata kamar mako biyu kafin ranar, bisa umarnin likita, domin wasunsu na tsinka jini. Idan tana shan ƙwayar tazarar haihuwa a faɗa, saboda batun gudan jini. Ranar tiyata ba abinci awa 6 kafin a shiga, ruwa zalla kuma a tsaya awa 2 kafin.

Bayan an fito, ta tashi ta ɗan taka tun ranar, ko zuwa banɗaki ne. Wani lokaci ana barin siririn tiyo na kwana ɗaya ko biyu yana fitar da ruwa. Za ta sa rigar nono marar ƙarfe dare da rana mako huɗu zuwa shida, ta kwana rigingine da matasai biyu a baya. Mai aikin ofis na iya komawa bayan mako ɗaya zuwa biyu. Aikin gida ne matsalar. Daka, tuƙin tuwo, jan guga, wanki da hannu, ɗaukar bokiti, ciccibar yaro a goya, duk a ɗauke mata su har mako shida, kada ta ɗaga abin da ya wuce kilo huɗu ko biyar. A samo mai taya ta tun kafin a tafi asibiti. A kwanakin farko idan sujada na ja mata ɗinki, ta yi salla a zaune.

Abu ɗaya da muke roƙo a gaya wa iyaye mata masu jinya: kada a gasa mata ƙirji da ruwan zafi ko tawul mai zafi kamar mai jego. Fatar wurin a mace take na makonni, za ta ƙone ba ta ji ba. Kada kuma a shafa man zafi ko toka ko wani haɗi a kan ɗinki. Jin kan nono kan ragu ko ya ƙaru da farko, yawanci yana daidaita cikin watanni, a wasu kaɗan ba ya dawowa duka. Tabo kan yi duhu ya yi tauri a wata biyu zuwa uku na farko, sai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi yake nuna kamanninsa na ƙarshe.

A koma asibiti nan take, ko tsakar dare ne, idan nono ɗaya ya kumbura ya fi ɗayan, ya yi tauri da zafi a kwana biyun farko, domin jini ne ke taruwa kuma sai an buɗe an kwashe. Haka idan kan nono ya yi sanyi, ya yi fari fat ko ya yi baƙi ƙirin fiye da launinsa, wannan awoyi ake da su a cece shi. Zazzaɓi da ja da mugunya alamar shigar ƙwayoyin cuta ce. Kumburin sha-raɓa ɗaya, ko numfashi sama-sama da ciwon ƙirji, gudan jini ne, yana kisa.

A nan ne batun tafiya waje ke shigowa. Akwai ƙwararru a Masar da Turkiyya, amma yawancin matsalolin rauni a mako na biyu da na uku suke fitowa, lokacin kun dawo gida. Zaman jirgi na awoyi daf da tiyata kuma na ƙara haɗarin gudan jini. Idan za ku je, ku yi shirin zama aƙalla mako biyu, ku san sunan likitan da zai yi aikin ba sunan dillali ba, ku karɓo rahoton tiyata a rubuce, ku kuma daidaita da likitan da zai ci gaba da duba ta a Kano tun kafin ku tashi. Idan aka haɗa kuɗin jirgi da masauki da na gyara, arahar kan gudu. A gida ma akwai sassan tiyatar gyaran jiki a asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ko a ina ne, a tabbatar likitan na da rajista da hukumar likitocin Najeriya ta MDCN ko takwararta ta ƙasarsa, ya kammala ƙwarewa a tiyatar gyaran jiki, akwai likitan sa barci na daban, akwai jini da iskar oksijin a asibitin. A nemi ganin hotunan aikinsa a kan baƙar fata bayan shekara guda, ba bayan mako guda ba.

Tambaya: Shin wannan ba canza halittar Allah ba ne? Daga wata ɗaliba, Katsina.

Amsa: Fatawa ta malamai ce, ba ta likitoci ba. Abin da za mu iya faɗa shi ne, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa ta tattauna tiyatar gyaran jiki a zamanta na Malesiya a 2007, ta bambanta tsakanin gyaran da ake yi don kawar da cuta ko lahani ko cutuwa ta jiki da ta zuciya, da wanda ake yi don sauya lafiyayyar halitta saboda son rai kawai. Ki bayyana wa malamin da kika amince da shi halinki dalla-dalla, har da abin da likita ya gani.

Tambaya: Shekarata 47. Cikin wata uku nonona na hagu ya canza, kansa ya shige ciki, ya karkata gefe. Tiyatar ɗagawa za ta daidaita su? Daga wata uwa, Damagaram.

Amsa: Hajiya, ki ajiye maganar ɗagawa, ki je asibiti cikin wannan makon. Zubewar haihuwa da ta shekaru a hankali take zuwa, kuma gefe biyu take kamawa. Nono ɗaya da ya canza cikin watanni, kansa ya shige, ko fatarsa ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemo, ko ya fitar da jini, ko aka ji ƙullutu a cikinsa ko a hammata, sai an tabbatar ba sankara ba ce, ko da babu ciwo ko kaɗan. Ki nemi ganin likitan tiyata, a yi miki mamogiram da sikanin, idan an ga wani abu a ɗebi ɗan nama da allura a gwada. Kada ki tsaya shafe-shafe ko sakiya, kada kuma ki bari a yanka wurin kafin sakamakon gwajin ya fito. Allah ya ba ki lafiya.